Mabuɗin Shagon Baba

Washegarin sadakar bakwai
Inna ta kwance bakin zanenta, ta miƙo mini mabuɗi,
ta ce, "Je ka buɗe, kada gara ta riga mu."
Na bi hanyar bakin ruwa da hantsi,
ƙafa tana gaba, zuciya tana komawa.

Kwaɗon ya yi gardama, ya san hannun ba naka ba ne.
Sai da na tuna yadda kake danna ƙofar da gwiwa
kana cewa, "Ita ma tsohuwa ce, a bi ta da lallashi."
Warin kwalta da sabon zare ya tare ni.
Ga birgi a rataye, ga ƙugiyoyi a gwangwanin madara,
ga butarka mai tsagaggen baki,
ruwan cikinta bai gama ƙafewa ba.

Barmu Mai Koma.
Daga Zamare har Wara, wa bai san sunan ba?
Ka zo Yawuri daga Koko da faifan ƙugiya a ka,
shekara talatin da huɗu kana sayar da kayan ruwa
alhali ba ka iya iyo ba.
Sarkawa su ce, "Alhaji, shigo mu ƙetara."
Ka ce, "Ni da kogi gaisuwar surukai muke, daga nesa."

Ba zan yi maka ƙarya ba don ƙasa ta rufe ka.
Kana da faɗa.
Kan ƙwayar ashana kana iya tara mu har a kira isha'i.
Takalminka ɗaya ya ga auren Yaya Ramatu,
ya ga sunan ɗanta na uku,
baduku ya ɗinke shi har ya ce ya tuba.
Amma kuɗin makarantar jinya na Asabe bai taɓa kwana ba,
kuma ba ka shigo gida hannu rabbana ba ko sau ɗaya:
soyayyen kifi a takardar siminti,
ka tsaya a zaure kana ƙirga kawunanmu,
har da 'ya'yan maƙwabta da suka san lokacin.

Ina cikin shara sai ga Nomau, tsohon masunci,
da kuɗi ɗaure a leda, da bandar kifi guda biyu.
Ya ce, "Taru na karɓa shekarar da jirgina ya kife.
Ba na so ya kwana a can da nauyina."
Na jawo littafin bashi mai baƙin bango,
na bi layi da yatsa har na iske sunansa.
An ja masa layi. A gefe, da rubutunka mai karkata:
an biya.
Nomau ya ce, "Wallahi ban biya ba."
Na juya shafi. Matar marigayi Hantsi, an biya.
Ɗan Gungu mai ido ɗaya, an biya.
Duk da alƙalami ɗaya, duk a watan azumi.
Tsohon ya zauna kan buhun gubar koma,
ya rufe fuska da hularsa.
Kifin kawai na karɓa.

A shafin ƙarshe na ga nawa sunan.
Auta, kuɗin keke, zai biya in ya girma.
Shi kaɗai ba ka ja wa layi ba.

To, Baba, na girma.
Ban san a wace kasuwa ake biyan irin wannan ba,
sai dai kullum in zo da hantsi,
in yi wa mai ciniki ragi ina ɓata rai kamar kai,
in saya wa yara kifi idan rana ta faɗa kogi.

Allah ya ja wa naka layi
yadda ka ja wa na mutane.
Ya sa ka ƙetare ba tare da tsoro ba,
kai da ba ka taɓa yarda da jirgi ba.

Na cika butar da ruwa.
Na danna ƙofar da gwiwa, ta rufu.